Tsohon gidan ƙasa a birnin Zariya: a rushe ko a gyara?

"Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Doka. Ginin ƙasa ne tun na kakanmu, sai dai an yi masa filastar siminti a shekarun baya. Yanzu filastar tana ɓamɓarewa, gindin bango kullum a jiƙe yake da damina, soron baya kuma yana yoyo. Ni malamin makaranta ne, albashi nake jira, kuma ina so in ƙara ɗaki biyu da bayi na bulo saboda iyalina. Wasu sun ce in rushe duka in huta, wasu sun ce in gyara. Ba ni da ƙarfin ba ɗan kwangila, ni nake so in tsaya a kan aikin da kaina. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko tsohon ginin zai gyaru, yadda sabon gini na bulo zai zauna kusa da na ƙasa, da yadda mai albashi zai riƙe aiki har ya kai ƙarshe ba tare da kuɗi sun yanke masa a tsakiya ba. Shawarata ta farko ita ce kada ka sa diga a bango tukuna. Duk abin da ka lissafa aikin ruwa ne, kuma ruwa ana iya tare masa hanya. Sau da yawa gidan da ake cewa ya mutu, rufinsa da gindin bangonsa ne kawai ke neman agaji.

Amma kafin maganar gini, ka ce "ya bar mana". Idan ba a raba gado ba, kada ka zuba ko buhun siminti ɗaya. Na sha ganin mutum ya kashe abin da ya tara shekara da shekaru a gidan gado, ranar rabo aka lissafa ginin nasa cikin dukiyar mamaci, zumunci ya lalace har 'ya'ya suka gaji gabar. A zauna da dukkan magada, mata da maza, a raba ko a yi yarjejeniya a rubuce da shaidu, a fayyace wane sashe ne naka. Daga nan ka bincika takardar gidan a KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye ta Jihar Kaduna, ka nemi izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kafin ka ƙara sababbin ɗakuna. Ka kuma gaisa da maƙwabta a kan maganar, domin a cikin birni katanga ɗaya takan raba gida biyu, indararonka kuma a lungun jama'a yake zuba.

Abin da ke cin bangon

Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, mafi yawansa a Agusta, kuma hadarin da ke zuwa da iska yawanci daga gabas yake tasowa. Shi ya sa bangon gabas ne ke fara zaizayewa a kusan kowane tsohon gida. Maginan zamanin da sun san wannan sarai. Suna ɗora tubali bango ya yi kauri a gindi ya tafi yana sirancewa zuwa sama, su yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, su shafe waje da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufin soro kuma su sa masa laso da ake haɗawa da katsin marina. Sharaɗin wannan gini ɗaya ne: a riƙa sabunta yaɓe da rani, a share bakin indararo kafin ruwa ya sauka. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 shaida ne cewa ƙasa tana daɗewa. Ruftawar wani sashensa a watan Agusta na 2023, inda aka rasa rayuka ana cikin sallar La'asar, ita kuma ta nuna mana nauyin ƙasar da ke saman kan mutum a tsohon soro. Ka riƙe duka biyun a zuciyarka yayin da kake duba gidanku.

Filastar siminti da aka yi wa gidan don a huta da yaɓen shekara-shekara, ita ce a ganina ta fi yi masa illa. Siminti da ƙasa ba sa kama juna da gaske. Ƙasa tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, siminti kuwa a sandare yake. Bayan 'yan shekaru sai filastar ta rabu da bango ta bar rata a bayanta, ta kuma tsattsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa ta inda zai fita, domin simintin ya hana iska da rana su kai ga bangon. Daga waje sai ka ga gini sumul, cikinsa kuwa ya zama taɓo, gara ta sami wurin zama mai laima.

Dalili na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne lungu ya tashi. Shekara hamsin ana zuba ƙasa da shara, maƙwabta suna daɓe ƙofar gidajensu da kankare, har ya kasance tsakar gidanku ta fi lungu ƙasa. Ruwan da a da yake wucewa, yanzu a gindin bangonku yake kwanciya. Ka haɗa da ruwan wanka da na wanke-wanke da ke bin jikin katanga kullum, rani da damina.

Yadda za ka duba da kanka

Ɗauki ƙaramar guduma ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa. Inda ka ji sauti kamar na ganga, filasta ta rabu da bango. Ɓamɓare ta a gindi, kamar tsayin gwiwa, ka soka ƙusa mai inci 6. Idan ta shiga da ƙyar, bangon yana da rai. Idan ta lume da turin hannu kawai, ko ƙasar ta zubo kamar gari, wurin ya ruɓe, sai ka bi shi ka ga iyakar inda ya tsaya da zurfin da ya ci. Sannan ka ɗaure dutse a igiya ka sako daga saman bango don ka ga ko ya karkata. Ka tuna tsohon bango dama a sirance yake ta sama, don haka abin da kake nema shi ne wanda ya yi ciki ya turo waje, ko wanda ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa.

Tsaga iri-iri ce. Siririya mai kama da saƙar gizo a fuskar filasta ba abin tsoro ba ce. Wadda ta ratsa bango har kana hango haske, ko ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa, ko ta kwanta a gindin bango, wannan tana nuna gini yana motsi. Shafa mata ɗan siminti siriri a wuri biyu, ka rubuta kwanan wata a gefe. In ya sake tsagewa cikin 'yan makonni, motsin bai tsaya ba.

Soron da ke yoyo shi ya fi damuna a duk bayaninka. Azara ba ta ruɓewa a tsakiya inda ido ke gani, a baki take ruɓewa, inda ta shiga cikin bango. Tona kaɗan a nan ka soka wuƙa. Idan ta yi laushi, ko rufin ya lotsa a tsakiya, ko ƙasa tana zubowa da dare ba tare da an taɓa ba, a fitar da mutane daga ɗakin a ranar. Rufin ƙasa da ya sha ruwan Agusta nauyinsa ya ƙaru sosai, kuma ba ya yin sallama in zai sauko.

Bayan wannan dubawa za ka ga gidan ya kasu. A irin gidajen da na yi aiki a kansu, zaure da ɗakunan da rufinsu bai taɓa yoyo ba sukan fita lafiya, sai ɗaki ɗaya ko biyu ne ke bukatar a sauke su. Bangon da ruɓewa ta ci kusan rabin kaurinsa a dogon wuri, ko ya karkata a fili, ba na ɓata kuɗi a kansa, saukewa nake yi. Wanda ya tsaya daram kuwa asara ce a rushe shi. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango yana riƙe sanyi a zafin Maris da Afrilu, yana riƙe ɗumi a sanyin Disamba da Janairu, abin da ɗakin bulo mai rufin kwano ba zai ba ka ba sai da fanka da wutar da ba kullum ake samu ba. Ga kuma kuɗin kwashe ɓaraguzai daga lungun da tifa ba ta shiga, wanda masu cewa "rushe ka huta" ba sa sa shi a lissafi.

Gyaran, daga sama zuwa ƙasa

Lokacin farawa shi ne da zarar ruwa ya ɗauke, ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Cire duk filastar da ta rabu, ka bar bango ya sha iskar hunturu ya bushe har cikinsa. Rufi ne farko. Idan azara lafiya take, a kankare tsohon yaɓen saman, a sabunta shi da gangara mai kyau zuwa indararo, a sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango. Idan azara ta tafi, a sauke ƙasar rufin a hankali, a yi rufin kwano mai baki da ya fito aƙalla santimita 60 daga bango, a yi silin mai tsayi da ƙofofin iska a ƙarƙashin kwanon. Katakon rufi a shafe shi da maganin gara, a kuma ɗaure shi da ƙarfe ya sauka sosai cikin bango, saboda iskar farkon damina. Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka yarda da shi ko wa ya ba ka shawara: zuba dekin, wato rufin kankare, a kan bangon ƙasa.

Gindin bango ana gyara shi ne gaɓa-gaɓa. A tone ruɓaɓɓen wuri kamar mita ɗaya, a cike da dutse ko jan bulo, a bar shi ya kama, a tsallake a yi wani wuri, sannan a dawo wa na tsakiya. Wanda ya tone gindin bango gaba ɗaya a yini ɗaya ya cire masa ƙafa ne. Bayan haka a yi daɓe mai gangara a kewaye, a fitar da kwata ta siminti ko bututu da zai kai ruwan wanka waje ba tare da ya taɓa katanga ba.

Yaɓe kuwa, abin da ya fi dacewa da ƙasa ita ce ƙasa. Jar ƙasa mai kyau da aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a bi ta da makuba. Idan makuba ta yi wuyar samu, ana iya ƙarfafa ƙasar da siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Idan kuma dole sai filastar siminti, misali a bangon gabas, a fara kafa waya mai raga da dogayen ƙusoshi, a yi haɗin mai rauni, a bar fuskar ciki da yaɓen ƙasa da farar ƙasa don bangon ya sami ta inda zai fitar da laima. Fenti mai mai da tayil a jikin bangon ƙasa duk toshe shi suke yi.

Sababbin ɗakunan

Sabon gini ya tsaya da ƙafarsa. Kada a jingina shi da tsohon bango, kada a cusa bulo cikin tubali don a "ɗaure" su. Sabon gini yana ɗan zaunawa a shekarunsa na farko, in an haɗe su sai ya ja tsohon ya tsaga shi. A bar 'yar rata tsakaninsu, a rufe samanta da kwano don kada ruwa ya shiga. Kada kuma a haƙa ramin fandisho dab da gindin bangon ƙasa a bar shi a buɗe.

A cikin birni akwai abin da ya fi komai muhimmanci wajen haƙa: tarihin filin. Ƙasar da aka gina tsofaffin gidaje da ita a kusa aka haƙo ta, ramukan suka zama kududdufai, daga baya aka cike su da shara aka yi gini a kai. Akwai tsofaffin shadda da rijiyoyi da aka binne aka manta. Tambayi dattawan gidan da na unguwa me ke wurin a da. Wajen haƙa, a ci gaba har a wuce baƙar ƙasa da tarkace a taras da jar ƙasa mai tauri ko marmara. Idan an yi zurfin mita ɗaya da rabi ana ta fito da leda da kasko da toka, a dakata a kira injiniya, domin fandishon da aka saba ba zai yi a nan ba.

A ƙasa mai kyau, ga gini marar bene, faɗin ramin ya zama ninki uku na kaurin bulo, a zuba kankare mai haɗin 1:3:6, wato siminti ɗaya, yashi uku, tsakuwa shida. A ɗaga daɓen ɗaki ya fi lungu da aƙalla layin bulo biyu, a cike da jar ƙasa ana jiƙawa ana dannewa, a sa maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe. Ledar nan kuɗinta kaɗan ne, kuma ita ce ke hana laimar da kake kuka da ita yanzu. Linta a zagaye ginin da ita gaba ɗaya, ba saman ƙofa da taga kawai ba, da rodi mai milimita 12 guda huɗu da haɗin 1:2:4, a bar ƙarafan da za a ɗaure katakon rufi tun lokacin zubawa. In kana da niyyar ɗora bene nan gaba, tun yanzu za a zana shi, ba bayan an gama ba.

Bulo shi ne inda aka fi cutar masu gini. Buhun siminti kilo 50 ne, ni kuma ba na bari a wuce bulo 30 mai inci 9 a buhu ɗaya. Idan za ka saya, ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka sake shi a ƙasa mai tauri, ka kuma murza gefensa da yatsa. Wanda ya wargaje ko yake zubar da yashi, bar shi ko da rabin kuɗi ne. Don lissafi, kusan bulo 10 ke cika murabba'in mita ɗaya na bango. Yashi kuma zuba shi a kwalba da ruwa, girgiza, ka bar shi ya kwanta. Idan lakar da ta taru a sama ta kai kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, kada a yi kankare da shi.

Hunturu yana da kyau ga bangon ƙasa amma yana cutar da siminti, domin busasshiyar iska tana shanye ruwan kafin ya gama aikinsa. Duk abin da aka zuba ko aka buga, a ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Kankare sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Ka san halin ruwa a Zariya in bazara ta matso rijiyoyi suka ja baya, saboda haka kuɗin 'yan garuwa ya shiga lissafinka tun farko. Bayi kuma, ramin sokawe ya yi nesa da rijiya gwargwadon iko, mita 30 ake so, kada ya gaza 15, har da rijiyar maƙwabci. In filin bai kai ba, a gina tanki mai filasta da ba ya tsiyaya, a riƙa kwashewa.

Kuɗi da ma'aikata

Mai albashi ya raba aikinsa zuwa matakan da kowanne zai iya jure damina in kuɗi sun tsaya. Gyaran rufin tsohon gida da hanyar ruwa mataki ne. Fandisho zuwa daɓe mataki ne, zai iya shekara yana jira. Amma bango da rufi tare suke tafiya, kada ka tada bulo sai kana hango kuɗin kwano. Daga nan ka gama ɗaki ɗaya da bayi ku shiga, tayil da fenti su biyo baya. In kuɗin adashi ya zo aiki bai tashi ba, sayi rodi ko kwano ko bulo ka ajiye. Siminti ba ya son ajiya, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa, in kuwa laima ta taɓa shi ya daskare. Ka ware kashi 15 cikin 100 na lissafinka a gefe, domin tsohon gida sai an buɗe shi ake ganin abin da ya ɓoye.

Da birkila da kafinta, jinga ta fi biyan yini ga wanda ba ya wurin kullum, amma mai jinga sauri yake yi, don haka a rubuta abin da aka yi ciniki a kai, a biya bayan an duba, kada kuɗi su riga aiki. Kayan aiki kai za ka saya, ka kuma ƙirga buhunan da aka zazzage da yamma. Ba sai ka tsaya kullum ba, amma akwai ranakun da ba a wakilci: ranar fitar da layin gini, ranar zuba fandisho, ranar da aka ɗaura rodi kafin a rufe shi da kankare, ranar ɗaure rufi, da ranar wayarin kafin filasta. Duk waɗannan ayyuka ne da in an rufe su ba a sake ganinsu. Ka tsara su su faɗo a Asabar ko hutun makaranta na Disamba. A wayarin, waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitila ce, mai 2.5 ta soket, ka kankare bakin wayar ka tabbata tagulla ce har ciki, a kuma kafa sandar at, wato ƙarfen da ake binnewa don ya kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. Idan ka taras da tsohon silin na asbestos, kada a fasa shi ko a yanka shi a bushe, ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa shi a cire shi ɗungurungum.

Duk wannan na faɗa ne daga bayaninka, bangon kuwa sai an taɓa shi da hannu ake yanke masa hukunci. Ka yi sa'a kana Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take da sassan koyar da zanen gini da injiniyanci, kuma garin bai rasa injiniyoyi masu rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ba. Biya ɗaya ya zo ya duba soron da ramin fandisho. Ka kuma nemi dattijon magini na cikin birni wanda ya tashi a aikin tubali da azara, domin birkilan bulo da yawa ba su taɓa gyara bangon ƙasa ba, abin da suka sani kawai su lulluɓe shi da siminti. In ka haɗa su biyun a rana ɗaya suka zagaya gidan tare, za ka fito da jerin ɗakunan da za a bari da waɗanda za a sauke. Kafin ranar, a kwashe kaya da yara daga soron bayan nan, a tokare azararsa da katako mai ƙarfi. Allah ya sa albarka a aikin, ya ba ka ikon kammalawa.